Nauyin Harsashi da Haƙƙin Dabbar da Aka Harba

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobin tudu da na ruwa, Ya kuma sanya masa iyaka a kansu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin mafarautan ƙasar Amurka, musamman na jihohin kudu irin su Tekzas da Jojiya da Fulorida, inda ake farautar barewa domin nama, ake kuma harbin aladen daji domin ɓarnar da suke yi a gonaki. Gardamar kuwa ita ce, wane nauyin harsashi ya kamata mutum ya ɗura a madaidaiciyar bindiga idan zai fita neman waɗannan dabbobi biyu? Wanda ya ji tambayar daga nesa zai ce ai wannan zancen maƙera ne da masu sayar da albarushi, babu abin da ya haɗa shi da filin addini. Amma a cikin mazauna waɗannan jihohi akwai Musulmi, wasunsu manoma ne, wasunsu kuwa suna fita farauta domin samun nama na halal. Kuma idan aka duba da kyau, za a tarar malaman fiƙihu sun tattauna gindin wannan mas'ala tun ba a ƙera irin waɗannan bindigogi ba. Tambayar da ke ƙarƙashin gardamar ita ce: shin dabbar da aka halatta wa mutum kashewa tana da sauran haƙƙi a kansa game da yadda zai kashe ta?

Kafin a kai ga hukunci wajibi ne a san abin da ake yi wa hukuncin, domin malamai sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtarsa. Madaidaiciyar bindiga ita ce wadda harsashinta ya fi na ƙaramar bindigar hannu ƙarfi nesa ba kusa ba, amma bai kai na manyan bindigogin farauta ba. Asalinta ta soja ce. Daga cikin harsasanta akwai 7.62x39, wanda aka ƙago a Tarayyar Sobiyet a shekarar 1943, shi ne kuma abincin bindigar AK-47. Akwai .223 Remington, ɗan'uwan 5.56 na sojan Amurka, wanda ake harbawa da bindigar AR-15. Daga baya aka fito da wasu, irin su 6.5 Grendel da .300 Blackout, waɗanda su ma suke shiga jikin AR-15. Mutane na son waɗannan bindigogi saboda ba su da nauyi, ba su dukan kafaɗa ƙwarai, harsashinsu kuma ya fi araha. Illarsu ɗaya ce babba: ƙarfinsu ƙayyadadde ne, ba shi da rarar da za ta rufe kuskuren maharbi.

Turawa suna auna harsashi da ma'aunin da suke kira giren, ma'anarsa ƙwayar hatsi, asalinsa kuwa ƙwayar sha'ir ce. Laba ɗaya tana da giren 7,000. Ɗalibin fiƙihu ba zai ji wannan baƙon abu ba, gama da ƙwayar sha'ir malamai suka ƙaddara miskalin zinariya a babin zakka, suka ce ƙwaya 72 ne, ko da yake ƙwayarsu ta ɗan gaza ta Turawa nauyi. Harsashin .223 yakan fara daga giren 40 zuwa 55 a masu sauƙi, ya haura zuwa 62 da 70 har 77 a masu nauyi. Na 7.62x39 galibi giren 123 ne, watau kimanin giram 8, na 6.5 Grendel ma yana nan kusa da haka. Ke nan harsashi mai giren 64 ko 70 bai wuce kimanin miskali guda ba. A kan abin da bai fi miskali ba ake wannan gardama, kuma a kansa ne sauƙin mutuwar dabba ko tsawon azabarta ya rataya.

Yadda abin yake aiki shi ne, albarushin da kwanso ke iya ɗauka ƙayyadadde ne, saboda haka harsashi mara nauyi yakan fita da gudu, mai nauyi kuwa ya fita a hankali. Mai giren 55 yana barin bakin doguwar bindiga da gudun da ya haura ƙafa 3,000 a daƙiƙa guda. Da yawa daga cikin marasa nauyin nan an yi su ne domin ƙananan dabbobi, fatarsu ba kauri, da sun taɓa jiki sai su farfashe. Idan irin wannan ya sami ƙashin kafaɗar barewa, yana iya tarwatsewa a nan, ya bar rauni mai faɗi wanda ba shi da zurfi, dabba ta gudu da karyayyar kafaɗa alhali zuciyarta da huhunta lafiya lau. Mai nauyi, da yake ya fi tsawo, ya fi riƙe ƙarfinsa, ya fi kuma nutsawa. Amma shi ma yana da nasa sharaɗi. A cikin bututun bindiga akwai zane murɗaɗɗe da ke juya harsashi don ya tafi sak. Bututun da zanensa ke kammala juyi ɗaya a inci 12 yana riƙe mai giren 55, amma mai giren 77 yana bukatar juyi ɗaya a inci 7 ko 8, in ba haka ba sai ya riƙa tangaɗi a iska ya kauce wa inda aka nufa. Har ila yau, harsashin farauta an yi shi ne ya buɗe kamar laima idan ya shiga jiki, kuma ba ya buɗewa sai da isasshen gudu. Harsashin .300 Blackout mai giren 220, wanda ake harbawa ƙasa da gudun sauti domin kada ya yi ƙara, in ba wanda aka ƙera musamman don buɗewa a wannan gudun ba ne, sai ya ratsa dabba kamar tsinke, ya bar ƙaramin rami. Haka nan harsashin soja mai cikakkiyar rigar ƙarfe yakan yi sau da yawa, shi ya sa jihohi da dama suka hana farautar manyan dabbobi da shi.

Hukumomin waɗannan ƙasashe ma sun sa baki. Jihar Kolorado ba ta yarda a harbi barewa da bindigar da faɗin bakinta ya gaza .24 na inci ba, ta kuma shar'anta harsashi mai buɗewa wanda bai gaza giren 70 ba. A Ingila, dokar barewa ta shekarar 1991 ta sa .240 a matsayin mafi ƙarancin faɗi ga manyan nau'o'in barewa. Tekzas kuwa ta fi sassauci, ta bar .223 a cikin abin da ya halatta. Wannan saɓani ya nuna cewa doka tana sa ƙasan iyaka ne kawai, sauran kuwa an bar wa zuciyar maharbi. To, a nan ne addini yake da magana.

Asalin babin shi ne hadisin Adiyyu ɗan Hatimu, Allah Ya yarda da shi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da farauta da mi'irali, wani itace mai nauyi mai tsini a baki wanda ake jifa da shi. Amsar da aka ba shi ta raba hali biyu: abin da makamin ya huda da tsininsa a ci, abin da ya buge da gefensa har ya mutu kuwa kada a ci, domin bugaggiya ce, irin wadda aya ta uku a Suratul Ma'ida ta lissafa tare da mushe. Makami ɗaya ne, dabba ɗaya, maharbi ɗaya, amma hukunci ya sauya saboda yadda makamin ya shiga jiki. A kan wannan ne magabata suka hana cin abin da aka kashe da dunƙulen yumɓu da ake harbawa da baka, gama shi nauyinsa ne ke kisa, ba ya hudawa.

Da bindiga ta bayyana sai malamai suka yi saɓani. Shaihu Dasuƙi, wanda ya rasu a shekarar 1230 ta Hijira, watau 1815, ya kawo zancen a hashiyarsa a kan sharhin Muhtasar. Ya ambata cewa magabata ba su yi magana a kan harsashin darma ba saboda bai zo a zamaninsu ba, sa'an nan na baya suka kasu biyu. Wasu suka hana, suna ƙiyasinsa da dunƙulen yumɓu. Wasu kuwa, cikinsu har da Ibn Gazi da Shaihu Abdulƙadir Alfasi na ƙasar Maroko, suka halatta, hujjarsu ita ce harsashi yana zubar da jini kuma yana gaggauta fitar rai, waɗannan biyu kuwa su ne dalilin da ya sa aka shar'anta yanka. Wannan ra'ayi na biyu shi ne jama'a suka bi.

Mai hankali zai lura da abin da wannan fatawa ta ƙunsa. An halatta bindiga ne saboda siffofi biyu, zubar da jini da gaggauta mutuwa. Wanda ya zaɓi harsashin da ya san zai farfashe a kafaɗa, ko wanda zai wuce bai yi aikin kirki ba, ya karɓi halaccin ya yar da dalilin da aka gina halaccin a kansa. Ba a cewa namansa ya haramta da zarar ya yi haka, muddin harsashin ya huda, ya fitar da jini, an kuma ambaci sunan Allah lokacin harbi. Amma halaccin nama abu ne daban, kuɓutar maharbi daga zargi kuma abu ne daban.

Abin da ke tabbatar da haka shi ne hadisin Shaddadu ɗan Ausu, wanda Muslim ya ruwaito, shi ne kuma na goma sha bakwai a Arba'una ta Imam Nawawi, wanda yaran makarantun Islamiyya suka haddace. Ma'anarsa ita ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har da kisa da yanka, kuma an umurci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Wasa wuƙa aiki ne da ake yi tun kafin a kayar da dabba. Maharbi ba shi da wuƙar da zai wasa, tasa wuƙar ita ce harsashi, wasa ta kuwa shi ne ya zauna tun a gida ya san nauyin da bututun bindigarsa ke riƙewa, ya gwada shi a kan allo, ya san iyakar nisan da yake buɗewa a cikinsa. Mahaucin da ya zo da dakusasshiyar wuƙa ba a karɓar uzurinsa na cewa niyyarsa kyakkyawa ce. Akwai kuma hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal, inda aka hana jifa da tsakuwa tsakanin yatsu, aka kuma bayyana dalili, cewa ba ta kama abin farauta, ba ta kashe maƙiyi, iyakarta ta karya haƙori ta tsiyayar da ido. Wannan siffa ce ta kowane makami da ya isa ya raunata amma bai isa ya kashe ba.

A duba abin da ke faruwa da barewar da aka yi wa mummunan harbi. Takan ruga cikin kurmi, in harsashi bai fita ta ɗaya gefen ba jini ba ya zuba ƙasa sosai, sai sawu ya ɓace. Tana iya kwana biyu ko uku tana jan jiki kafin ta mutu, ko kyarketai su cinye ta da ranta. A mazhabar Malikiyya, maharbin da ya yi sakaci wajen bin abin da ya harba, har ya mutu alhali da ya hanzarta zai same shi da rai ya yanka, ba zai ci ba. Haka nan abin da ya kwana a ɓace aka tsince shi matacce da safe, mashhurin zance shi ne ba a ci. Ke nan harsashin da bai dace ba ya tara ɓarna uku: dabba ta sha azaba, nama ya zama mushe, rai kuma ya tafi ba don wani amfani ba.

Wannan duka game da barewa ne, kuma da wuya a sami mai jayayya a kansa. Inda mas'alar ta yi tsauri shi ne alade. Aladen dajin Amurka ba 'yan asalin ƙasar ba ne. Mutanen Sifen ne suka fara shiga da aladu, cikinsu har da ayarin Hernando de Soto da ya sauka Fulorida a shekarar 1539, daga baya wasu suka kuɓuce suka koma daji. Ma'aikatar gona ta Amurka ta ƙiyasta yawansu ya haura miliyan 6, a jihohi fiye da 30. Tamatar tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Suna tone masara da gyaɗa a dare ɗaya, suna lalata makiyaya, suna gurɓata ruwa. Saboda haka Tekzas ta yi doka a shekarar 2011 wadda ta buɗe wa mafarauta ƙofar harbinsu daga jirgi mai saukar ungulu, a shekarar 2019 kuma ta ɗauke sharaɗin lasin farauta ga mai harbinsu a gonar da mai ita ya yarda. Manomin da ya taɓa wayar gari ya tarar gadu ya tone masa rogo ko dankali ya san irin wannan baƙin ciki.

Mai jayayya zai ce: alade haram ne, ba a cin namansa, ba a sayar da shi, maɓarnaci ne kuma. Babu batun yanka balle a ce nama zai zama mushe. Don me za a ɓata kuɗi a kan harsashi mai tsada dominsa? A harbe shi da ko mene ne, a ciki ko a cinya, in ya je ya mutu a daji bukata ta biya. Wannan magana tana da ƙarfi a wajen wanda ya yi asara, kuma wani ɓangare nata gaskiya ne. Kashe alade ya halatta, Shaihu Halil ma ya keɓe shi a Muhtasar daga hanin farautar da ba a yi niyyar yanka da ita ba. Kare dukiya daga mai ɓarna kuwa haƙƙin manomi ne.

Amma haramcin naman alade hukunci ne da aka ɗora wa bakin mutum, shi aladen bai aikata laifin da za a hore shi a kansa ba. Allah ne Ya halicce shi a yadda yake, tonon da yake yi neman abinci ne, zafi kuwa yana jinsa kamar yadda rago ke ji. Hadisin kyautatawa ya ambaci kisa daban, ya ambaci yanka daban, kuma malamai sun fahimci cewa kisan ya haɗa har da wanda aka yanke wa hukuncin ƙisasi. Idan mai kisan kai yana da haƙƙin kada a azabtar da shi, ina ga dabbar da ba ta da hankali? Akwai kuma hujja mafi kusa. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya kashe tsaka da bugun farko ladansa ya fi na wanda ya kashe ta da bugu na biyu, na biyu kuma ya fi na uku. Tsaka abu ce da aka yi umurni da kashe ta, ba a cin ta, ba a son ganinta a ɗaki, duk da haka aka fifita bugu ɗaya mai gamawa. Wasu malamai sun ce ɗaya daga cikin hikimomin wannan fifiko shi ne kyautata kisa.

Abin lura kuma, alade ya fi barewa bukatar a yi masa zaɓi a tsanake. Tsohon namiji yana da wani kauri kamar garkuwa a ƙarƙashin fatar kafaɗunsa, wanda kan kai inci guda ko fiye, ga kitse, ga busasshen taɓo, zuciyarsa kuma tana can gaba ƙasa-ƙasa tsakanin kafaɗu. Harsashi mara nauyi mai farfashewa shi ne mafi munin abin da za a aika masa. Shi ya sa gogaggun maharba, in da .223 za su fita, sukan nemi mai giren 62 zuwa sama wanda aka liƙe darmarsa da rigarsa don kada su rabu, ko wanda aka yi da jan ƙarfe zalla, ko kuwa su koma ga mai giren 123. Aladen da aka raunata aka bari haɗari ne ga maƙwabci da karensa da yaransa, ke nan rahama ga dabba da kiyaye mutane sun haɗu a wuri ɗaya.

Wani kuma zai ce, ai ajali na hannun Allah, sau nawa harsashi mai kyau ya kasa, mara kyau ya kayar da dabba nan take? Haka ne. Amma ba a tambayar bawa abin da ya fi ƙarfinsa, ana tambayarsa ne sababin da ke hannunsa. Wanda ya zaɓi abin da ya dace, ya matsa kusa gwargwadon iko, ya auna bayan kafaɗa inda huhu da zuciya suke, sa'an nan iska ta kaɗa ko dabba ta motsa, ba shi da laifi, abin da ya rage masa shi ne ya bi sawu da gaske ya ƙarasa ta. Wanda kuwa ya ɗauki abin da ya fi araha alhali ya san halinsa, ya harba daga nisan da ƙarfin harsashi ya riga ya zube, ba zai fake da ƙaddara ba. Kada kuma a zarce a ɗauka cewa mafi nauyi shi ne mafi taƙawa. An riga an ga yadda mai nauyin da bututu bai riƙe ba, ko wanda gudunsa bai isa ya buɗe shi ba, yake cutarwa daidai da mara nauyi. Abin nema shi ne dacewa tsakanin nauyi da ƙira da bindiga da nisa da girman dabba, kuma sanin wannan yana kan wuyan duk wanda ya ɗauki bindiga, kamar yadda sanin hukuncin ciniki yake kan wuyan wanda ya shiga kasuwa.

Saura batun niyya. Ibn Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa farauta domin wasa makaruhi ce, wadda ba domin wasa ba kuwa halal ce. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya tsawata musu, ya sanar da su cewa Manzon Allah ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Manomin da ya kwana a gona yana tsaron masararsa, da wanda ya biya kuɗi ya hau jirgi domin ya ji daɗin ganin garke yana faɗuwa, aikin hannunsu yana iya kama da juna, amma Allah Yana duban abin da ya fitar da kowannensu daga gida. Alamar da ke rarrabe su a fili ita ce abin da kowanne yake yi da dabbar da ta faɗi ba ta mutu ba: ko ya koma ya hutar da ita, ko ya wuce neman ta gaba.

Saboda haka, Musulmin da ya riƙi madaidaiciyar bindiga ya san cewa makami ne mai iyaka. Ya zaɓi harsashin da aka yi domin dabbar da zai nema, ya gwada shi tun kafin ranar fita, ya taƙaita nisa, ya ambaci sunan Allah a kan abin da zai ci, ya riƙe wuƙa domin yanka wanda ya samu da sauran rai. Idan dabba ta tsaya a yanayin da bai amince harbinsa zai gama da ita ba, ya sauke bindiga ya bar ta ta tafi. Komawa gida hannu wofi ba zunubi ba ne.

Allah Ya sanya rahama a zukatan bayinSa, Ya datar da Musulmi ga kyautatawa a cikin babban aiki da ƙarami. Allah ne Mafi sani.